Faɗin Tafin Hannu a Ragar Gabas

Asabar, 6:40 na yamma

Mun ci, biyu da nema. Wasa na bakwai ke nan a filinmu bana, kuma har yau ba a zura wa Auta ƙwallo ko ɗaya a gida ba. Ɗalibai sun ɗauke shi a kafaɗa suna ihun “Katanga! Katanga!”, suka bi ta kan ciyawar da na yi wata biyu ina lallashi. Ɗana ne, na yi murna, amma ita ma ciyawar ai ba ta da wani uba sai ni.

Wannan littafin na rubuta ranakun ban-ruwa ne. Shekara ashirin da shida ina kula da filin ƙwallon kwalejin nan, ban taɓa sa komai a ciki ba sai “an ba da ruwa” da “inji ya lalace”. Yau dai na ga bayansa babu rubutu, ni kuma ba na son komawa gida da wuri, don na san cike yake da ’yan barka.

Sandar sama ta ragar gabas ta sake yin ƙara ana gab da tashi. Daga bakin sito na ji ta. Sau uku ke nan bana tana cetonmu. Koci ya ce sandar nan ta fi wasu ɗalibai amfani, ya kamata a ba ta takardar shaida tare da masu gamawa.

Biron nan ba ya fitowa sosai.

Litinin, 11:15 na safe

Da ma ban gyara sito ba.

Ina janye tsofaffin raguna daga kusurwa hannuna ya faɗa kan gorar marigayi maigidana, wanda ya koya min aikin nan. Shi ya yanke ta da hannunsa daidai tsayin raga, mita biyu da santi arba’in da huɗu, daga ƙasa zuwa ƙarƙashin sandar sama. Na fi shekara ina nemanta. Don kewarsa kawai na ɗauke ta na fita fili, ba don wani zargi ba.

A ragar yamma ta shiga cif, kamar yadda ta saba. A ragar gabas ta ƙi shiga. Na juya ta, na share ƙasa da ƙafa, na sake gwadawa. Kanta ya wuce gindin sandar. Na miƙa hannu na shafa: faɗin tafin hannuna ne daidai, ba ƙari ba ragi.

Ragar gabas ta gaza tsayi. Tun farkon kakar wasa.

Litinin, 11:50 na safe

Na sake gwadawa. Gora ba ta tsiro a sito.

Talata, 5:30 na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata za ta sauke. Kafin a fara gasa ƙafafun ragar gabas sun yi tsatsa, aka kira abokina mai walda ya yanke su ya sa sababbi. Shi yana kan tsani riƙe da kan tef ɗin awo, ni ina karantawa. Sabon tef ne da ofis suka ba ni, lambobinsa ƙanana kamar tururuwa. Ya ce, “Nawa, mutumina?” Na ce, “Arba’in da huɗu.” Ya ce, “Ka tabbata?” Na ce, “Tun kana wasan ƙasa nake auna raga.” Ya yi dariya ya kunna wuta.

Talatin da huɗu ne. Laifin masu yin tef ne, me zai sa su yi lamba haka.

Abin da ke cina ba kunyar ba ce kaɗai. Auta guntu ne, tsayin uwarsa ya ɗauko. Tun yana ƙarami ake ce masa mai tsaron raga ba a yin sa da guntun mutum, shi kuma ya kafe, ya yi ta tsalle har ya fasa min silin ɗaki sau biyu. Bana bakin kowa ya mutu. To in aka ji ubansa ne ya rage masa raga fa? Wa zai yarda kuskure ne? Ni kaina da wani ne ya ba ni labarin, da kallon gefen ido zan yi masa.

Sau uku sandar ta yi ƙara. Duka ukun da sun shiga.

Laraba, 7:05 na safe

An ba da ruwa. Na gai da tankin ruwa na ɗauka Koci ne ke tsaye. Hazo ya yi yawa da safen nan.

Alhamis, 4:20 na yamma

Koci ya same ni ina wasa wuƙar inji, bakinsa har kunne.

“Baba Fili, albishirinka. In muka ci wasan jibi a waje, wasan ƙarshe a nan za a yi shi. A filinka.”

Na ce madalla.

“Madalla kawai? Shekara goma sha tara rabon kwalejin nan da kofi! Kuma akwai mutum daga wata babbar ƙungiya da zai zo musamman don Katanga. Ka dai gyara mana wuri, don masu shirya gasa za su aiko mai duba fili ya auna komai.”

Na ce, “Komai?”

“Komai. An ce akwai shekarar da aka soke wa wata kwaleji wasanninta na gida a kan fili. Amma kai ai ba a koya maka. Layinka bana ya fi na kowace shekara miƙewa, kamar da rula ka ja.”

Wannan kam gaskiya ne, ko ni ina mamaki. Ranar Juma’a in na ja layi sai in ji kamar baron farar ƙasar yana karkace min, amma in gari ya waye kowa sai yabo. Hannu dai bai manta ba.

Na tafi gida ban ci abinci ba. Maman Auta ta ce, “Malam, ko jikin ne?” Na ce gajiya ce. Ta ce, “Gajiyar nan taka ta daɗe.” Na ga ta ɗauke kujerar tsugune daga bakin ƙofa ta mayar bayan randa. Ban tambaye ta dalili ba, ƙaurina ya sani.

Asabar, 2:00 na rana

Sun tafi da motar kwaleji tun safe. An ba ni kujera na ce ciyawa na bukatar ruwa.

Ga abin da ban taɓa tsammanin zan rubuta ba: na zauna a bakin sito ina jin wani ɓangare na zuciyata yana fatan a cinye mu. In an cinye mu babu wasan ƙarshe, babu mai awo, in gyara abina a hutu ba wanda ya ji. Uba yana fatan a ci ɗansa. Allah ya yafe min.

Asabar, 6:55 na yamma

Sun ci a bugun fanareti. Auta ya kaɗe biyu. A ragar mutane, mai cikakken tsayi.

Na yi murna har na zauna a ƙasa. Daga baya na tuna.

Lahadi, 9:30 na safe

Takardar asibitin nan ta sake bayyana a aljihun rigata. Sau uku ina mayar da ita ƙarƙashin katifa, sau uku tana dawowa. Maman Auta ta ce ita ba ta san komai ba, wataƙila ƙafa gare ta. Na ce ba inda za ni, lafiyata ƙalau. Ta ce to.

Sai ta koma kan takalman Auta. Wai ni ne mai zanen layi amma shi ne mai kwaso mata farar ƙasa cikin ɗaki, duk ranar wasa tun kafin a buga takalmansa fari fat. Na ce mai tsaron raga ai a kan layi yake wuni. Ta dube ni ta daɗe, ta ce, “Haka ne, Malam,” ta ci gaba da shara.

Litinin, 1:10 na rana

Na samo dabara. In sama ba za ta ɗagu ba tare da an ga mai walda ba, ƙasa ai tawa ce. Daga ƙasa ake awo. Ɗalibai suna aji na ɗauki shebur na kankare bakin ragar gabas daga turke zuwa turke, na kwashe baro shida, na daddaɓe, na watsa busasshiyar ciyawa a kai. Na sa gora ta shiga.

Bayana kamar an daka ni. Marigayi maigidana ya kan ce fili ba ya riƙe sirri, abin da ka binne da rani damina za ta tona. Amma shi bai haifi mai tsaron raga ba.

Laraba, 6:15 na yamma

An yi ruwa da rana.

Wurin da na kankare ya zama kududdufi. Suna atisaye Auta ya fito kama ƙwallo, ƙafarsa ta zurma, ya faɗi. Ban ga faɗuwar ba, ina nesa. Ihun yaran na ji, da muryar Koci yana kiran sunana irin kiran da bai taɓa yi min ba.

“Baba Fili! Wannan ramin fa? Kwana goma ya rage, kana so ka karya min gola?”

Kafin in haɗa wata ƙarya sai Auta ya yi magana daga ƙasa, yana riƙe da idon sawunsa.

“Koci, ruwa ne ya ci wurin. Ni na kwakkwafe shi da takalmi, kullum a nan nake tsayawa. Ba laifin Baba ba ne.”

Targaɗe ne, an ce bai yi tsanani ba. Uwarsa tana gasa masa da ruwan zafi yanzu, ina jin yana cije baki don kada in ji. Na fito tsakar gida da littafin nan. Garin rufa masa asiri na kusa karya masa ƙafa, an gudu ba a tsira ba.

Alhamis, 10:00 na safe

Na mayar da baro shida. Na daɓe har hannuna ya yi kanta. Gora ta koma ƙin shiga.

Na rufe babban fili, na ce ciyawa za ta huta har ranar wasa. Su yi atisayensu a ƙaramin fili na bayan ɗakunan kwana.

Juma’a, 3:45 na yamma

Na gaji.

Asabar, 8:20 na safe

Auta yana takawa. Ya zo ya zauna kusa da ni ina shan shayi, na ce yau zan faɗa masa. Na ce, “Auta.” Ya ce, “Na’am, Baba.” Na ce, “Ƙafar fa?” Ya ce da sauƙi. Na ce to madalla. Ya matso min da kofin kusa da hannuna ya tashi.

Na iya yi wa shugaban kwaleji tsawa a kan ya taka min ciyawa da mota, amma na kasa haɗa kalma biyar a gaban yaron da na yi wa wanka.

Litinin, 12:30 na rana

Mai duba fili ya zo. Kwana biyu ban runtsa ba saboda shi.

Wani mai ƙiba ne da fayil a hammata, yana ta share gumi. Koci ya tare shi da lemo mai sanyi. Ya taka zuwa tsakiyar fili ya juya sau ɗaya, ya ce ciyawa ta yi kyau. Ya zo ragar gabas, ni ina bayansa. Ya doki turke da gefen takalmi, ya ja raga.

Koci ya ce, “Ranka ya daɗe, ba za a auna ba?”

Ya ce, “Haba Koci, a ranar nan? Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Dubi dattijon nan, ka ga alamar wanda zai yi kuskure?” Ya dafa kafaɗata. Ya sa hannu a takarda a kan bayan motarsa, ya karɓi lemo na biyu, ya tafi.

Shi ke nan. Ba wanda ya sani, ba wanda zai sani. Ya kamata in ji sanyi.

Litinin, 5:00 na yamma

Ban ji ba.

Talata, 6:30 na yamma

Da can tsoron mai awo ya hana ni tunani. Yanzu da ya tafi abin ya dawo hannuna ni kaɗai, kuma ya fi nauyi.

In na bar ta, ranar Asabar tafin hannun nan yana bayan ɗana. Waɗanda za mu kara da su suna da wani dogo mai lamba tara, an ce duk bugunsa sama-sama ne, kusurwa yake nema. Mutumin babbar ƙungiya zai zauna ya ga Katanga. In na gyara, ni da hannuna na buɗe wa dogon nan ƙofa.

Na gaya wa kaina ai kowace ƙungiya rabin lokaci take yi a ragar, ba a cuci kowa ba. Na gaya wa kaina sau bakwai an yi haka, na takwas ba zai rushe duniya ba. Amma sau bakwai ɗin ban sani ba. Wannan na sani. Kuma in sun ɗauke shi, can inda za shi ba ubansa ne zai auna masa raga ba.

Na shiga sito na zauna da gorar a cinyata har aka tashi daga aiki. Santsinta duk na hannun marigayi ne. Mutumin bai iya karatu ba, shi ya sa ya yanke ta, don kada wata rana lamba ta yaudare shi.

Laraba, 2:40 na rana

Na kira mai walda na ce ƙafafun sun sake tsatsa. Ya zo da injinsa a bayan babur, ya tsuguna ya shafa ƙarfen.

“Tsatsa a wata biyar, mutumina? Aikina?”

Na miƙa masa gora. Ya jingina ta da sandar, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Na jira dariyar, don mutumin nan ko a gidan makoki sai ya samu abin tsokana. Bai yi ba.

Ya ce, “Ƙasa ce. Haka take shan ƙarfe in an yi ruwa.”

Mu biyun mun san a cikin siminti turakun suke.

Ya ciro tef ɗinsa. Na miƙa hannu in karɓa kamar kullum, sai ya ce, “A’a, yau ni zan karanta. Kai riƙe min gindin, ka fi ni ƙarfin hannu.” Na riƙe. Awa uku muka yi, da mu da masu gadi biyu da suka tallafa mana sandar, su a tsatsa suka san zancen. Ya ƙara guntun ƙarfe a kowace ƙafa, ya goge, na shafa fenti. Gora ta shiga cif.

Da zai tafi ya tayar da babur ya kashe, ya ce, “Yayana ma haka ya yi ta fama, yana cewa hazo ne. Aikin minti ashirin aka yi masa. Yanzu har zare yake sa wa matarsa a allura.” Na ce Allah ya ƙara masa lafiya, ni me ya shafe ni. Ya ce babu, labari ne kawai.

Alhamis, 7:10 na safe

Fenti ya bushe. An ba da ruwa. Ban faɗa wa Auta ba.

Juma’a, 6:00 na yamma

Na ja layi. Baron ya yi ta karkacewa, na tsaya sau huɗu ina lalubar igiya da ƙafa. An kafa rumfuna, an jera kujerun manya, wani ya ja wayar lasifika ta kan kusurwata ban ma iya faɗa ba.

A gida na sami Auta yana wanke safar hannunsa. Na tsaya a kansa. Ya ce, “Baba, akwai magana?” Na ce, “Ka kwanta da wuri.” Ya ce to.

Matsoraci. Ni nake nufi.

Asabar, 1:30 na rana

Fili ya cika tun sha biyu. Koci ya wuce da gudu ya ce layi ya yi kyau. Maman Auta ta zo, ita da ba ta taɓa zuwa kallon ƙwallo ba, ta sa aka kawo mata kujera bakin sito kusa da tawa. Wai can rana ta yi yawa.

Asabar, 7:00 na yamma

Kofi namu ne. Biyu da ɗaya.

Zan rubuta ɗayan, don biyun kowa zai ba da labarinsu har shekara goma.

Mun tafi hutun rabin lokaci muna da ɗaya. Da aka dawo Auta ya koma ragar gabas. Uwarsa tana ta magana ƙasa-ƙasa kamar da kanta take yi: ga shi ya fito, ya kama, ya jefa wa na gefe, ga dogon nan ya taho. Ban ce ta yi ba, ban ce ta daina ba. Can sai ta kama hannun rigata ta ce, “Dogon ya juya, Malam, zai buga.”

Na ji bugun. Na kasa kunne ina jiran ƙarar ƙarfe. Shekara ashirin da shida na san muryar sandar nan. Ba ta yi magana ba. Sai wani ɗan sauti mai laushi na raga, sannan filin gaba ɗaya ya yi tsit, ban da ’yan tsirarun baƙi da ke ihu a can gefe.

Na ce, “Ta ina ta shiga?”

Ta ce, “Ta can sama. Ƙarƙashin sandar kaɗan. Ya taɓa ta da yatsa.”

Na ce, “Kaɗan kamar yaya?”

Ta kama tafin hannuna ta riƙe.

Sauran wasan ban san yadda ya wuce ba. Ta ce dogon ya sake bugawa wuri ɗaya, Auta ya tashi ya ture ta waje. Ana saura minti huɗu yaranmu suka ci ta biyu, ƙasa ta girgiza, aka kifar min da baro. Sun ɗaga kofi, sun ɗaga Koci, har ni sun so ɗagawa na ce bayana. Ba wanda ya yi ihun Katanga yau. Mutumin babbar ƙungiya ya karɓi lambar Auta ya ce zai kira. Ko zai kira, Allah masani.

Ciyawata ta mutu murus. Ban damu ba, abin ya ba ni mamaki.

Lahadi, 8:45 na safe

Na zo tsince ledoji na tarar da Auta a fili, yana kwance ragar gabas daga ƙugiyoyinta. Na tsaya a gindin turke. Wannan karon ban bari bakina ya yi shawara da ni ba.

Na ce, “Ƙwallon jiya ni na ci ka. Na ɗaga sandar nan ranar Laraba, ban faɗa maka ba. Da can ta gaza da tafin hannu.”

Ya ci gaba da kwance raga. Ya ce, “Na sani, Baba.”

“Mai walda ne ya faɗa maka?”

“Ba wanda ya faɗa min. Kafin kowane wasa sai na yi tsalle na taɓa sanda. Ranar wasan farko na taɓa ta gabas har wuyan hannuna ya wuce. Na daɗe da sanin tsayina, ban ƙaru a dare ɗaya ba.”

Na jingina da turken. Na ce, “Wata biyar ka sani, ka yi shiru? Don kada a ci ka?”

Ban taɓa jin muryarsa ta yi kauri haka a gabana ba. Ya ce, “Haba Baba. Da don haka ne, me zai sa duk atisayena na safe in yi shi a ragar yamma? In na faɗa, abu na farko da za su tambaya shi ne wa ya karanta tef.”

Na ce, “Sau uku ta cece ka.”

“Mu ma sau huɗu muka doke ta, ta hana mu ci. Nawa kawai kake ƙirgawa.” Ya naɗe ragar ya ajiye. “Ta jiya kuma ba kai ba ne. Tun asuba na taɓa sandar na ji ta koma wurinta, na shirya mata. Dogon ne ya iya bugu.”

Na ce, “Tun asuba? Na rufe filin nan da kwaɗo. Me ka zo yi da asuba?”

Na ji yana goga takalminsa a ciyawa. Sai maganar uwarsa ta faɗo min, takalma fari fat tun kafin a buga wasa, da layin da ya fi na kowace shekara miƙewa.

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Tun bara. Ba duka ba ne, Baba, wurin kusurwoyi ne kawai da da’irar tsakiya. Sauran naka ne.”

Ƙarya yake yi, na ji a muryarsa. Na zauna a ƙasa a bakin ragar, daidai inda na haƙa masa rami, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar maigidana. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ga babban nan, tankin ruwa yake gaisarwa.

Ya tsuguna kusa da ni. Da na natsu ya sa hannu a aljihun rigata ya ciro takardar, ya karanta min ranar da aka rubuta a jiki. Gobe ce, ƙarfe tara. Ashe shi ne ƙafar takardar.

Lahadi, 4:10 na yamma

Zan faɗa wa Koci ranar Talata, in ya ga a kai maganar gaba a kai. Auta ya ce tare za mu je. Gorar kuma na rataye ta a bakin ƙofar sito, inda kowa zai gan ta.

Bari in rubuta sau ɗaya, da manyan baƙi tunda su kaɗai nake iya bi: BA BIRON BA NE.

Litinin, 7:20 na safe

Ba a ba da ruwa ba yau. Za mu asibitin ido.

Auta yana tsaye a bakin ƙofa yana jirana, ya sa rigar fita. Ya ce in mun zo babban titi shi zai riƙe min hannu. Na ce ina gani. Ya ce ya sani, shi ne ƙafarsa ba ta gama warkewa ba.